Fiyanon da Aka Auna Bai Yi Ɗumi Ba

Zauna, Mudassiru. Ni na koyar da kai a aji biyar, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ga misali, ka riƙe shi.

An yi wani tsohon makaɗi mai fiyanon lantarki irin na da, mai gefen katako, wanda ake murɗa maɓallansa har a fitar da muryar da babu ita a sarewa, babu ita a kukuma. Shekara talatin yana kaɗa shi a gidajen biki. Yana da ɗabi'a ɗaya: in ya kunna shi ba ya taɓawa, sai ya haɗa shayi ya shanye, ya dafa bayansa da tafin hannu ya ji ya ɗau ɗumi, sannan ya fara. Wata rana wani mai haɗa waƙoƙi a kwamfuta ya zo aro. Ya ce zai auna muryar fiyanon ya zuba ta cikin manhajar kwamfuta, yadda kowane mai situdiyo zai same ta ba sai ya yi dakon katako ba. Tsoho ya ji daɗi, don ya san shi da fiyanon duk sun fara gajiya, ga kuma hanyar da muryar za ta rayu bayansu. Ya lulluɓe shi da bargo, ya roƙi abu biyu kawai: a jira ya yi ɗumi, kuma a dawo da shi.

Mai kwamfuta ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Yana kunnawa ya hau aunawa, kafin la'asar ya gama. Manhaja ta fito da hoton fiyanon har da zanen katakonsa, sunan mai kwamfuta a sama da manyan haruffa, na tsoho ko a ƙasa babu. Fiyano kuwa aka jingine shi a ɗakin ajiya inda kwano ke yoyo, damina ta wuce a kansa, ɓeraye suka yi gida cikin wayoyinsa. Tsoho ya aika sau biyu, ana cewa gobe. Sai ga wata mawaƙiya da ta tashi tana jin fiyanon a bukukuwan unguwarsu, ta ce muryar nan take so a kundin waƙoƙinta, in babu ta tafi wani situdiyo. Mai kwamfuta ya danna mata manhaja. Ta saurara, ta girgiza kai, ta ce, "Kamarsa ce, amma wannan bai karya kumallo ba." Nan ya tuna maganar ɗumi. Muryar sanyi ya kwafa, siririya, ba kaurin nan da ke zuwa bayan shayi. Dole a sake aunawa. Ya ruga ɗakin ajiya ya kunna, ko tari fiyanon bai yi ba. Kuma duk garin mutum ɗaya ne ya san cikinsa, shi ne wanda aka ce wa gobe sau biyu.

Ni ban ga laifin kwafi ba, da kwafi muka iya rubutu. Abin da ban taɓa yarda da shi a aji ba shi ne a kwafa a goge sunan mai amsa. Tsohon nan maƙwabcina ne, Mudassiru, mai kwamfutar kuma kai ne. Kullum da hantsi ina ganinsa yana haɗa shayinsa, babu abin da yake jira ya yi ɗumi. Ka ɗauki fiyanon da hannunka, ban ce aike ba, ka kai masa, ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka sa sunansa a saman naka. Na san halinsa, kafin ka rufe baki zai fara kwance ƙusoshi. Amma da ka mayar masa a ranar da ka gama, da yau mawaƙiyarka tana gabanka tana rera waƙa.

Hausawa ba su yi ƙarya ba: don tuwon gobe ake wanke tukunya.