Jarumin Katun a Kwali

Telan nan ɓarawo ne, kuma 'yarsa ya yi wa satar. Ya ɗauke mata mutum-mutumin jarumin katun, ya ce ɓata ya yi. Ya liƙe shi a kwali kamar sabo, ya kai gasar masu tara irinsu, inda sabon da ba a buɗe ba ke cin kofi.

"Ku matso, jama'a!" Har rawa yake yi. "Hannu bai taɓa shi ba!"

Tafi ya ɓarke. Alƙalin gasa ya ɗaga kwalin sama.

Daga kafaɗar uwarta yarinyar ta ƙwala ihun murna: "Baba ya gano min shi! Ga inda na ciji kunnensa!"

Aka kore shi daga gasar. Har yau 'yar tasa ko alawa ba ta ba shi ajiya.