Ciyawar Gindin Katanga

Tun da aka kafa dokar share ciyawa, inji ke bin gidaje yana tuge duk wani tsiro. Ciyawa ɗaya ake bar wa kowane gida, ita ma sai maigida ya faɗi sunanta.

Malam Barau Basakkwace ne, matarsa Ladidi Bakanuwa. Tun suna da baƙin gashi suke musu kan ciyawar gindin katangarsu, wadda take yin tsintsiya da ita. Shi ya ce komayya, ita ta ce burburwa, kuma bai taɓa sakkowa ba, don mutum ne mai taurin kai.

Da hantsi injin ya tsaya a tsakar gida, ya tambayi suna.

"Komayya," in ji Barau.

"Babu wannan sunan." Wuƙar injin ta fara sauka kan ciyawar.

Ya dubi Ladidi. Ta ci gaba da tankaɗe.

"Ke, ba ki magana?"

"Ni maigida ce, Malam?"

Ya tuna a duk unguwar, kan ciyawar nan kaɗai fara ke sauka yanzu. Ya dubi injin, ya ce, "Burburwa."

Injin ya ɗaga wuƙa ya fita. Barau ya zauna yana jiran gori, amma shiru. Sai ya gane sunan da ya ji a bakin uwarsa ba shi da sauran mazauni.

Ladidi ta miƙo masa buta. "Tashi ka ba komayyarka ruwa. A gidan nan dai haka za a kira ta."