Ranar da Réjean Ya Aske Gemu

Solange ta buɗe ƙofa, hannunta duk fulawa, ta tsaya tana kallon haɓar Réjean. An aske ta tas, har da ɗan yankan reza. Shekara goma sha ɗaya yana buga hoki, wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara, ƙungiya bakwai, gari bakwai, ba ta taɓa ganin ya yi aski ana tsakiyar wasannin cin kofi ba. A al'adarsu, ɗan wasa ba ya taɓa gemunsa sai an cire ƙungiyarsu daga gasar.

"An cire ku ke nan?"

"Ba a cire mu ba, jibi ma muna da wasa." Ya jingina da bango don ya hutar da gwiwarsa ta hagu. "Ni na cire kaina. Kin ce ba za ki auri wanda jaka ce gidansa ba. To, na ajiye. Ki aure ni, Solange."

Idonta ya wuce kafaɗarsa zuwa akori-kurarsa da ya bari a bakin titi, ƙofa a buɗe. Takalman wasansa na kan kujera, wuƙaƙen ƙasansu na sulɓi a kan ƙanƙara sai ƙyalli suke yi.

"Yaushe ka kai su washi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗazu da safe. Na saba ne kawai."

Ta goge fulawar a gefen rigarta, a hankali.

"Na gaji, Réjean. Je ka, kada kocinku ya neme ka ya rasa." Ta shafa haɓar tasa sau ɗaya, ta janye hannu. "Gemu ai tsirowa yake yi."