Tuwon da Alhassan Ya Bar wa Yara

Tun ranar da tafasasshen mai ya kwararo wa Alhassan a ƙafa, a wani kamfanin matsar gyaɗa da ke Bompai, bai ƙara tashi daga tabarma ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Matarsa Hadiza ce ke jinyarsa, ga yara ƙanana.

Da can, in ya taso daga aiki, sai ya sanya an ƙaro masa tuwo. Yanzu in ta ajiye kwano sai ya ture.

"Ba yara," in ji shi. "Ni da ke kwance, ko tsinke ban ɗaga ba, me zan yi da tuwo? Ɗan koko ya ishe ni."

"Malam, ko loma biyu ce."

"Abinci na mai aiki ne, Hadiza."

Ba hatsi ne ya yanke ba, don wansa Ɗahiru yana aiko da dawa daga Challawa. Ita dai maganar ce ta zauna mata, ta ga kamar gaskiya ce. Har tana jin daɗi a ranta, Allah ya ba ta miji mai tausayin 'ya'yansa.

Damina ta wuce, ƙuna ba ta kame ba. Wuyansa ya zarme, haƙarƙari duk a waje, da rana tsaka yana rawar ɗari. Ran da Ɗahiru ya zo dubiya, sallama kawai ya yi, ya juya ya nemo mota.

A asibiti likita ya duba shi, ya tambayi Hadiza abin da yake ci. Ta faɗa masa.

"Baiwar Allah, yunwa ce ta cinye shi," in ji likitan. "Ko mutum yana kwance, zuciya tana bugawa, yana numfashi, jiki yana riƙe ɗuminsa. Fiye da rabin abin da muke ci can yake tafiya. Mai ƙuna kuwa ya fi kowa bukata. Da jikinsa bai samu ba, sai ya koma cin namansa."

Hadiza ta ruga gida, ta dama kunun gyaɗa mai kauri, ta dawo tana haki. Ta tallafo kansa. Ya kurɓa, ya kasa haɗiyewa, kunun ya gangaro ta gefen bakinsa. Ya dube ta, ya ce, "Yara sun ci?"

"Sun ci, Malam."

Kafin la'asar ya cika.

Jama'a, kwanciya ba ta hutar da jiki daga bukatar abinci. Ku ciyar da majinyacinku tun yana iya haɗiya, ko da ya ce ya ƙoshi.