Awarwaron Likita

"Ba awarwaro, ba shiga, ya Basha," in ji mai gadin filin wasannin otal ɗin, wani Balarabe mai kiran kowane babban baƙo Basha, wato yallaɓai.

Likita ya nuna masa guntuwar robar da ake ɗaura wa baƙi a hannu. Tun safe aka kira shi asibitin garin, hanjin wani ya fashe. Wa ke shiga ɗakin tiyata da abu a hannu? Da kansa ya sa almakashi.

"Yankakke ba ya aiki, ya Basha."

Ga 'yarsa can bayan shinge tana kuka, ta hana a taɓa kunafa, kayan zaƙin bikin ranar haihuwarta, sai Baba ya zo. Uwar kuwa, hmm, hararar da take aiko masa ba a magana.

"Bawan Allah, rai na je cetowa! Wa ke ba da sabo?"

"Manaja kaɗai."

"To kira shi mana!"

"Na kira. Yana asibiti, yau aka yi masa aikin hanji. Wai likitansa, wani mai taurin kai, ya ce ko gobara ake kar a ba shi waya sai gobe."

Likita ya nemi dakali ya zauna. Da bakinsa ya faɗa, har sau biyu.