Gwajin Idon Kaka

Ina aji uku wani ɗan takarar kansila ya kawo likitocin ido Mafoni, aka ce za a ba tsofaffi masu raunin gani tabarau kyauta. Bayan azahar na raka Kaka, domin ta daɗe ba ta iya zura zare a allura.

A ƙarƙashin rumfar da aka kafa, kusa da hoton ɗan takarar, an rataye farin allo mai zane kamar cokali mai yatsu uku, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Na yi ta kallonsa ina mamaki. Likita yana nuna ɗaya, tsoho ya faɗi inda yatsun suka dosa. Ni na ɗauka jarrabawa ce, wanda ya ci shi ake ba tabarau.

Da aka zo kan Kaka, sai na tsaya a bayanta. Duk wanda likita ya nuna, in ja mata yatsa a gadon baya zuwa inda yatsun suka dosa, ita kuma ta ɗaga hannu can. Ba mu faɗi ko ɗaya ba.

Likita ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai idonki ya fi nawa! Na gaba." Haka muka taso ba tabarau.

Har yau ina tambayar kaina me ya sa ta biye mini. Laifina ne, ban kuma taɓa neman gafararta ba har ta rasu.

Muna isa gida ta miƙo mini allura da zare, ta ce, "Ungo, maigidana. Tunda ka ci mini jarrabawa, daga yau kai ne tabarauna."