Babur Mai Lamba Sha Tara

Tanki aka fara nuna wa Hedley Tranter, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya ce, "Wannan ko jikana ya girme shi."

Desmond Kewley, dillalin da ya tono babur ɗin daga wani ɗakin ciyawa, ya yi dariyar yaƙe. "Haba dattijo, wane babur ɗin tsere ne ba a sauya masa tanki ba? Duba ƙashin, ka bar rigar."

Shekara arba'in ke nan, duk Ingila idan aka yi gardama kan tsohon babur, Hedley ake kira. In ya ce na gaske ne, an gama. In ya ce jabu ne, sai bola. Amma bai taɓa yarda ya tsallako Tsibirin Man, inda ake gasar tseren babura, ba, wai teku na juya masa ciki. Wannan karon ma da wayo aka kawo shi, ba a faɗa masa babur ɗin wa zai gani ba. Ga shi iska ta tashi, an soke jirgin ruwan yamma. Babu hanyar fita sai gobe.

Ga kuma wata mata a bakin ƙofar garejin, ta tokare ta da jikinta.

Moira Cregeen ce, furfura ta gama cin kanta. Tana da shekara shida mahaifinta Orry ya shiga kwanar gada ana tsakiyar gasa a kan babur mai lamba sha tara, bai fito lafiya ba. Aka ce ya sha giya. Da wannan tambarin ta girma, 'yar mashayin da ya kashe kansa.

"Bai sha komai ba," ta ce. "Birki ne. Ya faɗa wa mahaifiyata a asibiti kafin ya cika."

A filin tsere, safiyar gasa, kowa makaniken kowa ne. Wanda ke wucewa da sifana sai ya durƙusa ya taya ka, ba a tambayar suna. Kowane noti kuwa ana ɗaure shi da siririyar waya, a murɗe ta yadda in ya so kwancewa za ta ja shi baya. Wani baƙo ne ya ɗaure wa Orry notin birkin baya. Bahago ne, abin da Orry ya tuna ke nan. Kafin a bincika, an sayar da ragowar babur ɗin a matsayin ƙarfen banza.

"In wannan ne babur ɗin mahaifina, wayar na nan," in ji Moira. "Ita kawai nake so a gani."

Kewley ya miƙo shayi. Hedley ya karɓa, rabi ya zube masa a wando.

"Tsufa ke nan," in ji Kewley. "Hannun da riƙe kofi ya gagare shi, shi zai yanke mana hukunci!"

"Rufe mana baki, ɓarawon zaune," in ji Hedley.

Ya bi babur ɗin gaɓa-gaɓa. Injin na wata shekara ne daban. An goge lambar ƙashin, an buga sabuwa a karkace. Salansar hayaƙi, kujera, ƙafar gaba, duk aro. Kewley na ta sheƙa zufa, Moira ba ta ko ƙifta ido. Garejin ya yi wa Hedley ƙunci.

Daga nan ya kwanta a ƙasa, ya tura kai ƙarƙashin ƙafar baya. Bai nemi fitila ba. Ya daɗe a can, har Kewley ya ce, "Ko dai mutuwa ka yi, mu kira limamin coci?"

Ya fito yana nishi, ya kaɗe gwiwa, ya cusa hannu a aljihu.

"Babu waya, 'yar nan. Babu alamarta. Jabu ne."

Kewley ya hau zage-zage. Moira ta matsa daga bakin ƙofa a hankali, kamar an zare mata laka.

"Na gode, Baba. Gara gaskiya ko da ɗaci. An ce ba ka taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

Ta kawo takardar shaida ta ƙungiyar tsofaffin babura, ta miƙa masa biro. Ya sa hannu da rubutunsa na tonon kaza, wanda duk dillalai ke yi wa ba'a.

Da hannun dama ya rubuta, kamar yadda ya tilasta wa kansa shekara hamsin da ɗaya. Hagun kuwa tana cikin aljihu, damƙe da guntuwar wayar da ya tsinko daga ƙarƙashin babur ɗin, wadda ita hagun ta murɗa a baibai, safiyar da Orry Cregeen ya ce masa, "Na gode, ɗan'uwa."